Gadalin Kaka da Marfi Uku na Taki

Akwai wani ƙamshi da tukunyar ƙasa ke yi idan ta bushe aka zuba mata ruwa. Ya ɗan yi kama da na ruwan farko, amma ya fi shi kauri, kuma akwai ɗacin toka a cikinsa. Duk ranar da na tsaya a bakin tagar falona da kofi a hannu ina ba shukata ruwa, ƙamshin nan ne ke tasowa. Kafin ruwan ya gama nutsewa na riga na bar Katsina, na koma ɗakin kakata a ƙauyenmu da ke bayan Pauwa, ina 'yar shekara goma sha ɗaya, ƙafafuna duk ƙasar gona.

Baƙi kan tambaye ni inda na sayi fulawar. Idan na ce gadali ne, sai in ga mata sun kalli juna suna murmushi. Na san abin da ya zo ransu, kuma na san kai ma mai karatu shi ne ya zo naka: an samu wata tana neman mallake miji. To ka kwantar da hankalinka. Mijina yana nan da bakinsa, har ma ya yi yawa. Wannan gadalin bai taɓa mallake kowa ba, in ban da mu matan gidanmu, da ya sa muke yi masa hidima tun kafin a haifi mahaifina.

Kakata ta wajen uba 'yar Maguzawa ce. A wani gida na cikin gonaki can gaba da 'Yankara aka haife ta, ta musulunta lokacin da ta auri kakana, kuma har ta bar duniya ban taɓa ganin sallah ta wuce ta ba. Abu ɗaya ne ta riƙe daga gidansu, shi ne gadalin uwarta. A danginsu ba a ba 'ya mace shi ranar aure. Sai ta yi haihuwar fari, sannan uwarta ta ɓallo ɗan ƙaramin kan da ya tsiro a gefen babban, ta dasa mata a tukunya ta kai mata. Haka uwar Kaka ta samu, haka Kaka ta samu. Idan aka tambaye ta maganin me yake yi, takan ce ana ɗumama ganyensa a ɗaura wa targaɗe, shi ke nan. Amma ni da na zauna da ita na san ba don targaɗe take ajiye da shi ba. Uwarta take kallo a cikin tukunyar.

Da can a bayan ɗakinta yake, kusa da randar waje. Abin da ya shigar da shi ɗaki mahaifina ne. Baba mutum ne mai kishin addini da kishin sunansa, kuma ya fara jin ana cewa tsohuwar gidansa har yanzu ba ta rabu da kayan iyayenta ba. Ba zai iya buɗe baki ya ce wa uwarsa ta zubar ba, don haka sai ya koma gugar zana. In ya zo wucewa sai ya ce, wai albasar kwaɗi ce har ta samu tukunyar kanta, alhali ga barkono yana neman wuri. Kaka ta ji sau ɗaya, ta ji sau biyu. A na uku ta tashi ta ɗauki tukunyarta ta shige ɗaki, ta kife wani tsohon turmi a ƙarƙashin taga ta ɗora ta a kai. Daga ranar Baba ya daina maganar, ya kuma daina wuce bakin ƙofar ɗakin in ya zo gaisuwa. A waje yake tsugunawa.

A ƙauyenmu babu wanda ya taɓa jin an yi shuka a cikin ɗaki. Shuka ta gona ce, ko ta bayan gida. Mutane suka ce wata biyu ba zai yi ba. Kaka kuwa ta zauna ta karanci abinta, ta fito da nata tsarin, kuma shekara shida yana ɗakin nan kore shar. Tagar ƙarama ce, ba ta wuce faifai ba, tana kallon gabas. Ta lura ganyen yana karkata yana bin hasken, don haka kowace safiya bayan ta idar da sallah sai ta ɗan juya tukunyar, ɓangaren da ya kwana yana kallon bango ya samu rabonsa. Ranar Juma'a takan jiƙa tsumma ta shafe ganyen ɗaya bayan ɗaya, daga gindi zuwa tsini, saboda hayaƙin fitila da ƙurar azara suna toshe shi. Ruwa kuwa ba ta da ranar ba shi. Sai ta tura yatsa cikin ƙasar har gaɓa ta biyu, in ta ji sanyi ta ƙyale shi, in ta ji bushewa ta ba shi moɗa ɗaya na ruwan da aka wanke gero. A ƙasan tukunyar akwai huda, ta nan rarar ruwan ke ɗiga cikin wani kasko.

Da rani ganyen kan ragu, ya yi laushi, wasu su bushe. Ba ta damuwa, cewa take barci yake yi. Da an yi ruwan farko sai ta fitar da shi tsakar gida ya sha na safiya ɗaya, ta mayar. Bayan nan ba da daɗewa ba sai wata doguwar sanda ta fito daga gefe, ta buɗe furanni farare masu jan layi a tsakiya. Kwana uku ko huɗu ɗakin nan yana ƙamshi, har makwabtan da suka ce ba zai yi wata biyu ba su riƙa leƙowa da sunan sun zo aron rariya.

Shekarar da nake ba ka labari, ƙanwar mahaifina, autar Kaka, wadda ke aure a Damari, ta yi haihuwar fari a farkon damina. Ya kamata a ce Kaka ta tafi mata da ɗan gadali. Amma ɗan da ya tsiro a gefe bai wuce ƙwayar tafarnuwa ba, ta duba ta ce bai isa yaye ba, sai baɗi. Kuma a lokacin tukunyar Kaka ce kaɗai ta rage a duk dangin. Na babbar gwaggona awaki sun cinye, na ƙanwar Kaka ya mutu da ita. In wannan ya tafi, an gama. Hanyar Damari da nisa, a bayan a-kori-kura ake zuwa ana ta girgiza, tukunya ba za ta kai ba. Dole ta bar shi gida kwana arba'in, har a gama wankan jego.

Ni ta zaɓa. Ba mahaifiyata ba, ba yayata ba, ni. Har yau in na tuna sai in ji kaina ya yi girma. Ta kira ni ɗaki da safen da za ta tafi, ta kama yatsana ta tura cikin ƙasar.

"Abu ukku na bar maki," in ji ta. "Ki juya shi, ki shahe shi, kuma kada ki ba shi ruwa sai yatsa ya ce. Kin ji ko?"

Na ce na ji. Na kuwa ji, kuma sati guda na bi maganar ba kuskure.

Sai dai ka san 'yar wa nake. Duk yankinmu an san masarar Baba. Mutane sukan tsaya a bakin gonarsa su riƙe ƙugu, suna ƙirga goyo bibbiyu a kara ɗaya. Ni kuma a gonar nan na tashi, kuma a wannan makon ne muke sa taki. Kowane yaro da kwanonsa na yuriya, fara tas kamar sukari, da marfin kwalba. Ka tona ɗan rami a gefen gindin masara, ka zuba marfi ɗaya, ka rufe da ƙafa. Bayan kwana kaɗan in an yi ruwa, sai ka ga gonar ta yi baƙi-baƙi don tsabar kore, ganye yana ƙyalli. Na ga wannan da idona shekara da shekaru. A wurinmu duk abin da ya tsiro daga ƙasa, in kana son sa, taki kake ba shi.

Ina cikin zuba wa masara sai tunani ya zo mini. Kaka tsohuwa ce, ba ta san zamani ba, ruwan wankin gero kawai take ba bawan Allah nan, shi ya sa ɗansa ya ƙi girma. In na ba shi abin da ake ba masara, kafin ta dawo ɗan ya isa yaye, gwaggo ta samu nata a bana, kuma a ce ni ce na yi. Na ƙulle yuriya a bakin zanina na kawo gida. Na yi lissafi irin na masu hankali: masarar da babu wanda ya san sunanta tana samun marfi ɗaya, to gadalin uwar Kaka ai ya ci uku. Na tona ramuka uku a jikin gindin na zuba, na rufe. Na san taki ba ya aiki sai da ruwa, kuma ruwan sama ba ya shiga ɗaki, don haka na kwarara masa moɗa huɗu. Da na ga ruwan yana zuba ta hudar ƙasa, sai na ce ai takin nawa ne ke gudu. Na samo tsumma na toshe hudar tam.

Ka ga yadda abu uku na Kaka suka zama abu uku nawa.

Kwana biyu sai tsinin ganyen ya fara ƙonewa, kamar an kusantar da shi wuta. Na ce ƙishirwa ce, don a gona in masara ta yi haka bayan taki, ruwa take jira. Na ƙara ruwa safe da yamma. Ganyen ya koma rawaya, ya kwanta a bakin tukunyar. Ban tura yatsa ba, don na san abin da yatsan zai ce. Ban gaya wa kowa ba. Nakan shiga in juya tukunyar, in shafe ganyen da ke narkewa a hannuna, in fito in ja ƙofa. Abinci ya daina shiga. Mahaifiyata ta ɗauka zazzaɓin damina ne, har ta dafa mini ganyen darbejiya, na sha ɗacin nan ban yi musu ba, ina ganin kaɗan ne daga abin da ya kamace ni.

Wari ne ya tona mini asiri. Wata safiya Baba ya zo wucewa da fartanya a kafaɗa, ya tsaya a ƙofar.

"Ke, mi ke wari a ɗakin Iya? Ɓera ya mutu?"

Na fashe da kuka. Ya ajiye fartanyar, ya sunkuya ya shiga ɗakin da ya shekara shida bai taka ba. Ya daɗe a tsaye gaban turmin. Ya ga farin gishirin da ya fito ya kewaye bakin tukunyar, ya ɗaga ta ya ga tsumman, ya zare shi, wani baƙin ruwa ya tsiyayo. Manomi ne, ba sai an gaya masa ba.

"Marhi nawa?"

"Uku."

Na jira duka, ko kuma abin da na fi tsoro, ya ce to madalla, Allah ya raba mu da shi. Shi ne fa mutumin da ya fi kowa son abin nan ya bar gidansa, ga shi an yi masa aikin a kyauta, ba da hannunsa ba. Bai yi ko ɗaya ba. Ya dubi gadon Kaka, ya dubi tabarmar sallarta a naɗe a gefe. Can ya ce in wanke fuskata in ɗauko mayafi, yau kasuwar 'Yankara ke ci. A tsakiyar noman farko, ranar da ya tara 'yan ƙwadago a gona, Baba ya zazzage tukunyar, ya naɗe kan gadalin a tsohon zani, ya ɗora ni a bayan babur.

Kaka tana da wa guda da ya rage, wanda bai bar addinin iyayensu ba. Saiwoyi da sassaƙe yake sayarwa a bakin kasuwa, bayan 'yan hatsi, a gindin wata ɗorawa. Baba ya daɗe da janye jiki daga gare shi, gaisuwar hanya kawai ke tsakaninsu. Ranar nan na ga mahaifina ya cire takalmi, ya tsuguna har ƙasa a gaban tsohon, a cikin kasuwa, mutanen garinmu suna wucewa suna gani.

"Kawu, mun yi ɓarna," ya ce, ya buɗe zanin.

Tsohon ya ɗauki kan ya shinshina. Ya ɗebi ƙasar da ke maƙale a saiwa ya taɓa a harshe, ya tofar. Ya ce wa ya ba ɗan ɗaki abincin masara. Baba ya ce laifinsa ne, shi ne bai ɗaure bakin buhu ba. Ban san inda na samu ƙarfin ba, na ce ba haka ba ne, ni ce, kuma marfi uku na sa, kuma na toshe hudar. Tsohon ya dube ni ya yi dariya har da tari. Ya ce a gona ƙasa faɗi gare ta, ruwa ya zo ya raba takin ya tafi da saura. A tukunya kuwa babu inda za shi. Wai na dafa shi ne a cikin gishiri.

A gefensa akwai kwando cike da kawunan gadali iri-iri. Idona ya kai kansu. Na ce a hankali ko ba shi da irin wannan, mu dasa, kafin Kaka ta dawo ya yi ganye.

"Ina da sun hi ashirin," in ji shi. "Babu na uwarmu ciki. Aradu ko da ido rufe ƙanwata ta san nata. Ke kuma kin iya kallon ta kullum da sahe tana juya na kasuwa?"

Na sunkuyar da kai. Kunyar wannan tambayar ta fi ta takin.

Ya ciro aska ya fara ɓare kan, ɓawo bayan ɓawo, kamar albasa. Kowanne ya ɓare ruɓaɓɓe ne, har ya kai tsakiya, nan ma ya narke. Ya ajiye askar ya ce uwar ta tafi. Muryarsa ta canja da ya faɗi haka, sai a lokacin na tuna ashe shi ma uwarsa ce. Sannan ya juya gindin, ya sa farce ya kankare ƙasa. Ɗan nan mai kamar tafarnuwa yana maƙale a gefe, gefensa ɗaya ya yi baƙi, amma da ya matsa shi sai ya ji tauri. Ya yanke shi, ya fere baƙin, ya wanke a ruwan buta, ya aiki Baba wurin mai ƙosai ya karɓo toka. Ya birkiɗa ɗan a cikin tokar har ya yi fari.

Ni ya yi wa bayani, ba Baba ba. In bar shi a inuwa kwana uku ciwon ya bushe. Tukunyar ta sha gishiri, in jiƙa ta a ruwa ina canjawa har kwana ukun. In sa fasasshen kasko a kan hudar don ƙasa kada ta toshe ta, in zuba ɗan gawayi, sannan yashin rafi kashi biyu, kashin shanu da ya shekara kashi ɗaya. Kada in binne shi duka, in bar wuyansa a waje.

"Sannan kwana bakwai babu ruwa. Ko kin ji shina kuka, kada ki ba shi. Haka uwarmu ke yi."

A hanyar dawowa Baba ya tsaya a wani rafi. Ba mu zo da buhu ba, kuma zanin ya ɓaci da ruɓa. Ya cire hularsa, wadda yake zuwa masallaci da ita, ya cika ta da yashi ya miƙo mini. Haka muka shiga gari, shi kai babu hula, ni rungume da yashi, ɗan gadali a ƙulle a bakin mayafina.

Kwana bakwai ɗin nan su ne mafi tsawo a yarintata. Damina ta kankama, ruwa na zuba a waje, komai na tsiro, ciyawa har a kan katanga, ni kuma ina zaune gaban tukunyar yashi busasshiya da moɗa a kusa, hannuna yana ƙaiƙayi. Duk abin da aka koya mini a gona yana ce mini in zuba. Sau biyu na ɗauki moɗar na ajiye. A rana ta takwas na tura yatsa, na ba shi rabin moɗa, na ga ruwan ya ɗiga ta ƙasa, na bar shi ya tafi. Na ci gaba da juya tukunyar kowace safiya, ko da yake babu abin da za a juya. Baba kuma ya samu sabuwar ɗabi'a. Kafin ya tafi gona sai ya leƙo ya ce, "Ya hito?" Ba ya faɗin mene ne. In ce a'a, ya wuce.

Saura kwana uku Kaka ta dawo, na ga wani ɗan tsini kore a saman wuyan, bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba. Na fita da gudu har gona ban sa takalmi ba.

Kada ka ɗauka dawowar Kaka ta zo da sauƙi. Ta sauka da yamma da ƙullin kayanta, ta amsa sannu da zuwa a tsaitsaye, ta nufi ɗaki. Ta bar shuka mai ganye fiye da goma, ta tarar da tukunyar yashi da ɗan tsinke. Na durƙusa na faɗa mata komai tun daga marfin farko, ban rage ba. Ta zauna a bakin gado. Ta ce, "Uwar ta tahi ke nan." Na ga hawaye ya gangaro mata, kuma ban taɓa ganin haka ba ko a rasuwa. Kan nan da ya ruɓe shi ne ainihin wanda uwarta ta dasa mata da hannunta, ranar da ta haifi mahaifina.

Can ta jawo tukunyar. Ta murza yashin, ta tono gawayi, ta ga toka a wuyan ɗan. Ta ɗago.

"Wanga aikin gidanmu ne. Wa ya kai ki wurin yayana?"

"Baba."

Ta dubi ƙofa. Baba yana tsugune a waje inda ya saba. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce masa ya shigo daga ciki mana, ko an ce masa ɗakin zai cinye shi. Ya shigo ya zauna a ƙasa kusa da turmin.

Ni kuwa kwana biyu ba ta yi mini magana ba, kuma ban ga laifinta ba. A safiya ta uku ta kira ni. Ta ce hannunta na ciwo, in juya mata tukunyar. Hannunta lafiya lau yake. Daga ranar har na bar gida ni ce mai juyawa. Ta taɓa ce wa mahaifiyata, ina ji, wai ba ta tsoron bar wa wanda ya taɓa kashewa ya ga yadda mutuwar take, wanda bai taɓa ba ne abin tsoro. Shekara biyu ɗan nan ya yi kafin ya yi fure, ya ƙara ɗaya kafin ya fitar da nasa ɗan. Gwaggo ta samu nata bayan ta yi haihuwa ta biyu, kuma har yau in mun haɗu sai ta ce ni ce na sa gadonta ya makara.

Kaka ta rasu kafin in yi aure. Da na yi haihuwar fari, mahaifiyata ce ta ɓallo mini nawa ta kawo mini Katsina, a cikin tsohuwar tukunyar, ta bar sabuwa a gida. Lokacin ba mu san abin da ke tafe ba. Ka san yadda yankinmu ya koma. Mutanen daji suka hana noma, suka hana barci, ƙauyuka suka watse ɗaya bayan ɗaya. Gwaggo ta baro Damari zuwa cikin Sabuwa da kayan jikinta da 'ya'yanta, tukunyarta ta rage a can. Iyayena suka koma cikin Kankara, ɗaki biyu na haya a bayan kasuwa, ba su fito da komai ba sai tabarmi da tukwanen girki. Tsohon nan na 'Yankara ya riga ya rasu, ban samu na gode masa da hankalin manya ba. Aka sake komawa tukunya ɗaya a duk dangi, kuma tana bakin tagata, a hannun yarinyar marfi uku.

Ina faɗa da alfahari, ban bar ta ta zauna ɗaya ba. Yanzu biyar gare ni. Na aika wa gwaggo nata Sabuwa, na ba yayata, na ajiye na 'yata duk da ko firamare ba ta gama ba. Abokan aikina suna da furanni masu sunan Turanci a cikin robobi masu kyau, suna sayen magani a kwalba suna fesawa, wata uku su mutu su sayi wasu. In suka tambaye ni sirrina, sai in ɗaga musu yatsa. Ɗauka suke wasa nake.

Bara Baba ya zo ganin likitan ido ya kwana biyu a gidana. Ya tsufa, ya rame, kuma na lura ba ya son a yi maganar gona. Mutumin da ake tsayawa kallon masararsa yanzu a kwano yake sayen ta. Da safe na fito daga kicin na gan shi a bakin taga, ya kama tukunyar Kaka da hannu biyu yana juya ta a hankali. Da ya ji motsina bai waiwayo ba. Ya ce wannan ƙaramin na gefe ya matse uwar, ya kamata a raba su, kuma tagar ɗakinsa na Kankara gabas take kallo.

A danginmu ba a ba namiji. Na san haka, shi ma ya sani. Na ɗauko wuƙa da toka na ɓallo masa.

A farkon daminar bana wayata ta yi ƙara da hantsi ina wurin aiki. Baba ne, kuma ba mai kira ba ne in ba rasuwa aka yi ba. Ko gaisuwa bai bari mun gama ba.

"Ya yi hure," in ji shi. "Guda huɗu. Makwabta sai shigowa suke."

Na ce ma sha Allah, Baba, hannunka ne. Ina jin hayaniyar kasuwa a bayansa.

"Kuma ban sa mashi komi ba," ya ce. "Ko marhi ɗaya."